Tambayi Malaman Jinya: Yadda ake tare cuta tun ba ta wuce zaure ba

Wasiƙun wannan wata galibinsu daga jihar Zamfara suka zo. Kowa da abin da ya dame shi, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abin da za a yi tun ciwo bai kwantar da mutum ba. Ma'aikatan jinya da ungozomomin da ke kula da wannan fili ne suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Ina shekara ta biyu a koyon aikin jinya. A aji ana ta maimaita mana inganta lafiya, wayar da kai, riga-kafi da rage haɗari, ni kuwa duk abu ɗaya nake ganinsu. Sannan ranar awo mukan tara mata cike da rumfa, mu yi musu lacca ta rabin awa, su ce "to", wata mai zuwa su dawo ba abin da ya canza. Ina laifin yake? Daga ɗalibarku, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Kalmomin 'yan gida ɗaya ne, sai dai kowacce da aikinta. Ki auna su da gudawar yara. Idan kika gaya wa uwa cewa ƙuda da ruwan rijiya marar murfi ke kawo gudawa, wayar da kai kika yi. Idan kika ɗiga wa jariri maganin rota, wato ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa, a baki tun daga sati shida, riga-kafi kika yi. Idan kika tarar gidan ba su da wata rijiya sai wannan, kika nuna musu su tafasa ruwan, ko su sa masa kulorin su jira minti 30, su adana shi a jarka mai ƙaramin baki maimakon randar da kowa ke tsoma moɗa, rage haɗari kika yi. Haɗarin yana nan, kaifinsa kika dakusar. Inganta lafiya kuwa ita ce uwar ɗakinsu duka. Ita ce ranar da ke da mai unguwa da liman da kwamitin lafiya na mazaɓa kuka sa aka ɗaure bakin rijiyar da siminti, aka yi mata murfi, aka ware guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, aka kuma yarda ba wanda zai haƙa masai ƙasa da mita 30 daga gare ta. Wannan fahimta ta kafu ne a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Ottawa ta ƙasar Kanada a watan Nuwamba na 1986, inda aka bayyana inganta lafiya da ba mutane iko a kan abubuwan da ke juya lafiyarsu. Taron Alma-Ata na 1978, wanda ya haifi tsarin lafiya a matakin farko, shi ya share masa fage.

Riga-kafin ma hawa uku ne, kuma za a tambaye ki a jarrabawa. Na farko shi ne kafin cuta ta shigo: allura, gidan sauro, wanke hannu. Na biyu shi ne kama ta tun tana ɓoye, kamar awon hawan jini, ko awon dantsen yaro da tef, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani. Na uku shi ne hana wadda ta riga ta kama mutum ƙara masa nakasa, kamar duba ƙafar mai ciwon suga kullum.

Yanzu ga laccarku. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma wannan sai in mai kunnen ce ke da iko da jikin. Matar da ke zaune a rumfar awo ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, ba ita ke ba da izinin fita ba, kuma ranar da ta haihu ba ita za ta yanke abin da za a shafa wa cibiya ba. Maigida ne da uwar miji da ungozomar unguwa da wanzami. Kun yi wa wadda ba ta da wuƙa da nama bayani, masu wuƙar suna gida. Don haka saƙo ɗaya sai an kai shi wuri biyu ko uku: majalisar maza bayan la'asar, islamiyyar matan aure, gidan suna. Wanzami ba abokin gaba ba ne. Ba za ki raba shi da sana'ar kakanninsa da lacca ba, amma za ki iya sa ya yarda kowane yaro da sabuwar rezarsa, a ɓare ta a gaban iyaye, kuma a bar hakin wuya inda Allah ya ajiye shi, domin cire shi ba ya maganin komai sai jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta a maƙogwaro.

Abu na biyu, kuna cika musu kwando. Rabin awa a kan abinci da tsafta da tazarar haihuwa da shayarwa da allura, ba mai ɗauka. Ki zaɓi abu ɗaya a rana, ki fara da tambaya: "A gidanku me ake sa wa cibiyar jariri?" Ki bari su faɗa, man goge baki ne, toka ce, gashi da tsumma mai zafi ne. Kada ki yamutsa fuska. Sannan ki fito da bututun kulohekzidin, maganin da ake shafa wa cibiya don kashe ƙwayoyin cuta, ki nuna a kan 'yar tsana yadda ake wanke hannu a shafa sau ɗaya a rana, ki gargaɗe su cewa ba ya shiga ido ko kaɗan domin yana makantarwa, ki miƙa wa ɗaya daga cikinsu ta yi. Gani ya kori ji.

Kuma ki daina tambayar "kin gane?". Kunya za ta sa ta ce ta gane ko da ba ta ji komai ba. Ki ce, "Hajiya, don in tabbata na yi bayani daidai, in kin koma gida Malam ya tambaye ki me aka ce, me za ki gaya masa?" Abin da ta maimaita shi ne abin da kika koyar. Ki rubuta a katinta abu ɗayan da kuka yi alkawari, wata mai zuwa da shi za ki fara.

Tambaya: Ni magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya tara. Noma ya gagare mu saboda halin da ake ciki, aikin dutsen zinari nake ci da iyali da shi. Malaman asibiti kullum maganarsu a daina. In na daina me za mu ci? Akwai yadda zan kare yarana daga dalma ina cikin aikin? Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Anka.

Amsa: Malam, tambayarka ita ce ainihin abin da ake nufi da rage haɗari, kuma akwai amsa. Ka san abin da ya faru a 2010, lokacin da ƙungiyar likitocin MSF ta gano yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Yargalma da Sunke, daga baya kuma Bagega. Yara wajen 400 suka rasu. Haƙar kanta ba ita ta kashe su ba. Dutsen da ake haƙowa yana da dalma mai yawa, aka riƙa kawo shi cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa. Shi ya sa uba ke yawonsa lafiya ƙalau, ɗansa na shekara biyu yana suma.

Saboda haka doka ta farko: dutse ba ya shiga gari. Fasa shi da niƙa shi da wanke shi da shanya shi duk a yi su can bayan gari, nesa da rijiya da tafkin da ake sha ko dabbobi ke sha. A niƙa da ruwa, kada a niƙa a bushe, domin niƙan bushe ne ke tayar da ƙurar da ake shaƙa, iska kuma ta kai ta gidaje. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura.

Doka ta biyu, wadda aka fi karyawa: kai kanka kada ka zama buhun da ke kai dalma gida. Ka ware tufafin aiki da takalmin aiki, su kwana a wurin aiki. Ka yi wanka da sabulu can, har da kai da gemu da ƙarƙashin farce, ka sa tufafin gida kafin ka hau babur. Kada a kawo wa uwargida kayan aiki ta wanke tare da na yara. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ba ya komawa ɗaukar gero, haka turmi da taɓarya da kwano da tabarmar shanya. Kada ka ci abinci ko goro a wurin aiki sai ka wanke hannu. Yaro da mai ciki da mai shayarwa ba su da abin yi a wurin, ko kai abinci ne. Dalma tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta ɗauki ciki sai ta fito ta shiga jini ta isa ga ɗan tayi.

A cikin gida, a yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsafta, a wanke hannun yara da sabulu kafin kowane cin abinci. Yaron da cikinsa ba komai, ko mai ƙarancin jini, ya fi tsotsar dalma, don haka kada a bar su da yunwa tun safe: wake, zogale, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi in an samu. Sai kuma abin da mutane ba sa zato: kwallin gargajiya na dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a sa wa jarirai, dutsen dalma ne. A bar shi. In kuna amfani da zaiba wajen kama zinari, kada a ƙona ta a ɗaki ko a madafa, tururinta wata guba ce daban mai lalata jijiyoyi da ƙoda.

Dalma ba ta da adadin da za a ce ba komai a jinin yaro. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta, tun yaro bai nuna alama ba. Daga maikirogiram 5 a kowace desilita ana neman inda take fitowa a toshe, daga 45 ana ba da maganin da ke wanke ta daga jini. Amma maganin aikin banza ne in yaro zai koma rarrafe a ƙasar da ta ba shi ciwon, shi ya sa a wancan lokaci sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. In an taɓa daka dutse a gidanka, ka gaya wa malaman asibiti haka kai tsaye, ka nemi a gwada duk 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ya fara amai, ciwon ciki, yawan kuka, kasala, ko ya daina tafiya ko maganar da ya fara, kada a jira. Jijjiga kuwa a tafi asibiti a daren, kada a tsaya turare da tofi kawai.

Tambaya: Matata na da ciki wata bakwai, na fari. Ƙafafunta sun kumbura, kwana biyu kuma tana kukan ciwon kai. Inna ta ce haka cikin fari yake. Daga ƙauyenmu zuwa babban asibiti tafiya ce, kuma ba a bin hanyar da dare. Daga wani ango, Kaura Namoda.

Amsa: Ango, ka kai ta a auna jininta yau, kada ka bari sai ranar awo. Inna ta yi gaskiya ta wani ɓangare: kumburin ƙafa kaɗai, wanda ke saɓewa in an kwana, abu ne da aka saba gani. Amma in ya haɗu da ciwon kan da ba ya jin magani, ko kumburin fuska da hannu har zobe ya matse, ko ganin hazo-hazo da walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana zargin hawan jinin masu ciki ne, wanda ke kai wa ga jijjiga. Mai cikin fari da mai ƙananan shekaru sun fi shiga haɗarinsa. Bayan sati 20, awon da ya kai 140 bisa 90 abin bincike ne, a gwada fitsari a ga ko akwai furotin. In ya kai 160 bisa 110, kwanciya ce a asibiti nan take.

Awon ma a yi shi daidai: ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafa a ƙasa, dantse daidai ƙirji, ba a kan hannun riga ba. Abin ɗaurawar in ya yi wa dantse kaɗan, yana ƙara lamba ta ƙarya.

In Allah ya kiyaye ta fara jijjiga a gida, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo. Kada a cusa cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu domin huhu zai tafi, kada a kanga mata hayaƙi. Maganinta allurar magniziyam salfet ce, sai kuma a raba ta da cikin in lokaci ya yi, duka biyun a asibiti suke.

Maganar hanya ita ce ta fi damunmu. Mata da yawa jinkiri ke kashewa: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunka suke. Ka faɗa a gaban Inna da maƙwabta tun yau cewa ko ba ka nan ka ba da izini a tafi da ita. Ka ajiye kuɗin mota daban, ka riƙe lambar direba biyu, ka san rukunin jininta, ka shirya 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Tunda ba a bin hanyarku da dare, in ciki ya shiga wata tara ta koma gidan dangi a cikin gari kusa da asibiti. Naƙuda ba ta duba agogo.

Ta ci gaba da ƙwayar ƙarin jini kullum, ba tare da shayi ba domin yana hana ta shiga jiki, kuma baƙin bayan gida da take sawa ba ciwo ba ne. Ta sha Fansidar, don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku sau ɗaya a wata a gaban ma'aikaciya, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Bayan haihuwa a sassauta kunun kanwa. Gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, ga zafin wankan jego, zuciyar mai jego na iya gazawa. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ko ƙafarta ta sake kumbura, a mayar da ita asibiti.

Tambaya: Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari daidai? Kowa da yadda yake faɗa. Daga maman yara uku, Shinkafi.

Amsa: Maman yara, na ƙunshi ya fi, wato ORS. Ki duba jikinsa, yawanci na lita ɗaya ne, wato ruwan leda biyu masu 50cl. Ki juye ƙunshin duka, kada ki raba shi da ido, kada ki ƙara sukari, kada ki tafasa bayan kin haɗa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Gishiri in ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga, sukari in ya yi yawa yana ƙara gudawar, dalilin da ya sa lemon kwalba ba ya wannan aiki ke nan. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana awa 24 a zubar. A haɗa da zink: miligiram 20 kullum har kwana goma zuwa sha huɗu, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida, ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu. Nono da abinci ba a dakatar da su. Kuma fitar haƙori ba ta sa gudawa. Lokacin ne dai yaro ke kai komai baki. Idon da ya faɗa, yaron da ya kasa sha, jini a kashi, ko gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, asibiti kai tsaye, kina ba shi ruwan a hanya.

Tambaya: Ina aiki a ƙaramin asibiti, sau da yawa ni kaɗai ne a bakin aiki. Shekaranjiya allurar da na yi wa majinyaci ta soke ni ina mayar mata da murfi. Na matse wurin na zuba Jik. Na ji kunyar gaya wa kowa. Daga abokin aikinku, Talata Mafara.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye kunya ka duba agogo. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In har lokacin bai cika ba, ka je babban asibiti mafi kusa yanzu. Za a gwada ka, a gwada majinyacin da yardarsa, in ba a san matsayinsa ba a fara maka magani ba tare da jira ba. Ƙwaya ɗaya ce kullum har kwana 28 cur. Tashin zuciya da rashin barci na kwanakin farko su ke sa mutane yankewa, ka daure. Kada ka sha ta lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ko maganin gyambon ciki na ruwa, suna hana ta shiga jiki. Bayan wata uku a sake gwaji.

Wanda ya fi kusa da kai ma shi ne ciwon hanta nau'in B. Daga sukar allura ɗaya ta mai ɗauke da cuta, haɗarin ɗaukar mai karya garkuwa wajen uku ne cikin dubu, na ciwon hanta B kuwa yana iya kai wa talatin cikin ɗari ga wanda bai yi riga-kafi ba. Allurarsa uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Duk mai taɓa allura ko jini, har mai shara da mai wanki, ya kamata ya cika ukun nan. In ba ka yi ba ka faɗa musu, a fara maka a take.

Matsewa da zuba Jik kuskure ne, suna ƙona nama ne kawai. Ruwa mai gudu da sabulu, a rufe da filasta. In jini ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa. Asalin laifin kuwa murfin ne. Allura ba ta komawa murfinta. Akwatin zubar da allura ya kasance inda hannunka zai kai ba tare da ka taka ba, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, kada a danna da hannu don a samu wuri. In dole sai an rufe, a ajiye murfin a kan tebur a zura allurar da hannu ɗaya. Ka kuma rubuta rahoto, domin ta nan ne shugabanni za su ga cewa barin mutum ɗaya a bakin aiki ba tare da isassun akwatuna ba shi ke jawo irin wannan.

Tambaya: Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, an sallamo mu. Yanzu mun ga wani baƙin tabo a ƙugunsa ta baya. Muna shafa masa man zafi muna murzawa. Daga 'yarsa, Gummi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki. Ki daina murzawa daga yau. Wannan farkon gyambon kwanciya ne: ƙashi ya danne fata a kan katifa, jini ya kasa isa wurin, naman ciki ya fara mutuwa. Murza da man zafi ƙara farfasa shi suke yi. A baƙar fata ba a ganin ja, sai ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri. Ki duba safe da yamma: ƙugu, kwatangwalo, diddige, idon sawu, kafaɗa, ƙeya da kunne.

Maganin shi ne ɗauke nauyi. A juya shi duk awa biyu, dare da rana, ku raba kwana tsakaninku ku rubuta lokaci a takarda a manna a bango. Kada ya kwanta a kan tabon sam. In za a kwantar da shi ta gefe, a ɗan karkata shi kawai a tokare bayansa da matashi, kada ya hau kan ƙashin kwatangwalo sosai, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyi. Matashi a ƙarƙashin sha-raɓa ya ɗaga diddige daga katifa. Mutum biyu su ɗaga shi da zanen gado, kada a ja shi, kuma kada a kama hannun da ya shanye a ɗaga shi da shi, kafaɗar na iya gocewa. Zoben roba da ake sayarwa don a zauna a kai yana datse jini a kewaye, a bar shi. In an shimfiɗa leda saboda fitsari, a rufe ta da zanen auduga, a miƙe shi ba tattara, a canza da zarar ya jiƙe, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba gogewa, a shafa basilin kaɗan.

Wurin ciyarwa a zaunar da shi sosai, loma ƙanana, abinci mai kauri irin kunu ko fate, ya zauna rabin awa bayan ya gama. In yana tari ko muryarsa na canzawa in ya sha ruwa, abin yana bin hanyar iska, a gaya wa likita. Fata ba ta warkewa sai da abinci mai gina jiki, don haka wake da ƙwai da nono da kifi su yawaita. Maganin hawan jini ba a dakatar da shi don an ga sauƙi, gishiri da dunƙulen miya a rage. In fatar ta buɗe, ko ta fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a kira ma'aikacin jinya ya gani. Kada a barbaɗa garin kafso ko toka a ciki.

Tambaya: Maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina yana sa ɗana amai, shi ya sa nake ba shi na ranar farko kawai. Akwai laifi? Daga wata uwa, Tsafe.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Maganin na kwana uku ne a kowane zagaye, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko ƙwaya iri biyu a gaban masu rabawa, rana ta biyu da ta uku ke za ki ba da ragowar. Kariyar ta kusan kwana 28 ce, kuma sai an cika ukun take tsayawa, shi ya sa suke dawowa duk wata har damina ta wuce. Ki ba shi bayan ya ci abinci, ki narka a ruwa kaɗan a cokali, ki ba shi a hankali yana zaune, ba ɗure ba. In ya amayar cikin minti 30, ki nemi masu rabawa su sake ba shi. Ba a ba yaron da ke da zazzaɓi a ranar sai an gwada jininsa, haka wanda ke shan Septrin, ko wanda irin wannan magani ya taɓa sa wa ƙuraje ko kumburin fuska. In kin ga ƙuraje ko idonsa ya yi rawaya, ki dakata ki kai shi asibiti. Gidan sauro yana nan daram kowane dare. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ɓular da ta fito kuma a ɗinke ta a ranar.